Ƙaramar Mota Mai Ƙarfin Doki 450, da Titunan Nima

Iyayenmu maza da mata na Nima da Maamobi, 'yan uwa na Newtown da Kotobabi, na Sabon Zango da Fadama da Madina, da duk inda muryar nan ta iske ku, ina gaishe ku da kyau. Direbobin da cunkoso ya riƙe yanzu haka a hanyar Kanda, sannunku da haƙuri.

Yau hirar mota za mu yi. Irin ƙaramar motar nan mai ƙofa biyu, gajeriya, mai faɗin ƙugu, wadda in ta gifta ta gaban bes sai masu shan shayi su ajiye kofi su bi ta da ido har ta sha kwana. Samarinmu sun haddace sunayen irin waɗannan motoci, suna kallon su a TikTok da YouTube har tsakar dare, wani kuma ya riga ya rantse cewa ranar da Allah ya kai shi waje ya dawo boga, ita zai fara saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema. Ban ga laifin wannan sha'awa ba. Abin da ya sa na kawo maganar gidan rediyo shi ne, yawancin masu son motar sun san ƙararta da tambarinta, amma ba su san abin da ke cikinta ba. Na zaɓi guda ɗaya da za mu buɗe cikinta tare, wato BMW M2, musamman samfurinta da ake kira M2 CS na shekarar 2020.

Sai mun koma baya kaɗan kafin mu gane dalilin ƙera ta. A 1972 kamfanin BMW na Jamus ya buɗe wani sashe na musamman don harkar tsere, kuma harafin M da kuke gani a bayan motocin, mai ratsi uku, alamar wannan sashe ce. A shekarun 1980 hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da wata doka a rukunin gasar da ake kira Group A: kamfani ba zai shigo fili da mota ba sai ya ƙera irinta guda 5,000 cikin wata 12 don sayar wa jama'a. Manufar ita ce a yi tsere da motocin da mutane ke saye, kada wani ya ƙero dodo guda ɗaya a ɓoye ya zo ya cinye kowa. To da BMW suka so cin gasa, sai suka ɗauki ƙaramar motarsu mai ƙofa biyu, wadda makanikai ke kira E30, suka sake mata kusan komai, inji da birki da ƙafafu har da yawancin bodinta. A 1986 ta fito da sunan M3. Injinta silinda 4 ne, lita 2.3, ƙarfin doki 200. Shekara guda bayan haka, a 1987, wani direba ɗan Italiya, Roberto Ravaglia, ya ci gasar duniya da ita.

Ku lura da yadda abin ya faro. Don fili aka ƙera ta, doka ce ta tilasta aka sayar da ita ga masu hawa titi.

M2 jikanyar waccan ce. Ta fito a 2016, an gina ta a kan wata mota mai ƙofa biyu da ake kira 2 Series. In ka hango su daga nesa kamar Hassana da Usaina. Amma mafi ƙanƙanta a gidan, 218i, silinda 3 gare ta da ƙarfin doki 136. M2 ta farko tana da 370. M2 CS kuwa silinda 6, lita 3, turbo biyu, ƙarfin doki 450. Don ku auna da abin da kuka sani, Toyota Vitz mai inji lita 1, irin wadda ke yawon haya a Accra, ƙarfinta wajen doki 70 ne. Daga tsaye cak, M2 CS tana kaiwa gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 4, kafin ta cinye tsawon filin ƙwallo ɗaya. In aka sake mata, tana kaiwa 280.

Wannan shi ne abin da ake faɗa a bes. Yanzu ga abin da ba a faɗa, kuma a nan kuɗin motar ya tafi.

Mu fara da birki. Faifan birkin gaba na M2 CS faɗinsa milimita 400 ne, ya fi rim ɗin ƙananan motocin haya da yawa faɗi, kuma fistin 6 ke matse shi a kowace ƙafa. Me ya kawo wannan girma? Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu ya zama zafi. Duk ƙarfin da inji ya zuba wa mota, in za ta tsaya, faifan nan ne zai shanye shi. Ƙaramin faifai zai tsayar da mota sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya yi jajir, man birki ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa babu komai. Man birki irin DOT 4, in sabo ne, sai zafi ya kai digiri 230 ko fiye kafin ya tafasa. Amma yana shan laima daga iska a hankali, kuma in ya sha ya tsufa, yana iya tafasa tun a wajen digiri 155. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a canja shi duk shekara 2. A garin da ke bakin teku irin Accra, inda laima ba ta ƙarewa, wannan ba maganar wasa ba ce. Ina tambayar direbobinmu, har da masu trotro: yaushe rabonka da canja man birki gaba ɗaya? Ban ce ƙari ba, canji na ce.

Sai sanyaya inji. Mota ta yau da kullum lagireto ɗaya gare ta. Wannan tana da babba a tsakiya, ƙanana biyu a gefe, ga kuma na sanyaya baƙin mai daban. Manyan ramukan nan na bamba da samari ke ɗauka ado ne, hanyar iska ce. Har kaskon baƙin mai an sake masa tsari, saboda in mota ta shiga kwana da gudu, mai yakan taru gefe ɗaya, famfo ya zuƙi iska, inji ya buga cikin ƙiftawar ido. An faɗaɗa tsakanin tayoyi, an ɗauko ƙafafun yayyenta M3 da M4 na alminiyam an sa mata, an yi bonet da rufi da wani abu mai suna kabon faiba, wanda ya fi ƙarfe rashin nauyi nesa ba kusa ba. Rufi mara nauyi yana rage wa mota layi a kwana. Ba abin da aka sa don a burge mai kallo.

Taya kuma ita ce gaba da komai, don duk doki 450 ɗin nan ta wuri huɗu kawai suke taɓa ƙasa, kowane bai fi tafin hannu da yawa ba. Akwai tayar Michelin da ake sa wa wannan mota, Pilot Sport Cup 2, mai laushin roba da ƙarancin zane. A busasshiyar kwalta tana kama ƙasa kamar an liƙa ta. Amma zanen taya shi ne magudanar ruwa, kuma wadda zanenta ya yi kaɗan ba ta iya korar ruwa in ya taru. Ku tuna yadda hanyoyinmu suke a watan Yuni, in sama ta buɗe kwatoci suka cika suka tumbatsa. A irin wannan rana, tsohuwar Corolla mai tayoyi masu kyau ta fi motar tsere aminci.

Yanzu ku kasa kunne, ga inda na fi so ku riƙe. BMW sun ƙera wata M2 CS ta daban, wadda ba a yarda ta hau titi ba sam, ta fili ce zalla. Sunanta M2 CS Racing, farashinta ya kai Yuro 95,000 kafin haraji. Kowa zai zaci ta fi ta titi ƙarfi. To ba haka ba ne. Yadda aka fito da ita, ƙarfinta tsakanin doki 280 ne zuwa 365, gwargwadon abin da dokar gasar ta yarda. Ta gaza ta titi da doki 85 ko fiye. Ina kuɗin ya shiga? An cire kujerun baya da kafet da duk kayan jin daɗi. An walda kejin bututun ƙarfe a ciki, don ko ta wuntsila rufi ba zai danne direba ba. An sa kujera mai rungume jiki, da bel mai madauri 6, da tankin mai na musamman da ba ya saurin fashewa, da na'urar kashe gobara. Direban zai sa hular kwano da rigar da wuta ba ta saurin ci. Filin da zai yi gudun kuma kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mai tsallakawa, babu akuya, babu mai tallan ruwa, akwai fili a gefen kwana da aka bari don wanda ya kuskure, ga motar asibiti a tsaye tana jira. Mutanen da tsere ne sana'arsu sun rage ƙarfi sun ƙara kariya. Mai sukuwa na gaske linzami yake fara dubawa da sirdi, kafin ya tambayi saurin doki.

Mu kuma fa? Mu zo gida mu faɗa wa juna gaskiya, ƙannena.

Abin da aka fi yi a nan, a sayi tambarin M a manna a but. Wannan ba ya cutar da kowa, sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Na biyu a fasa salansa, a ciro abin tace hayaƙin da ke cikinta, tunda akwai masu saye saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki irin su filatinam. Sai a sa wa mota ƙarar nan ta fas-fas kamar ana harbi. Ƙarar ba komai ba ce illa fetur da bai ƙone a inji ba, ya je yana ƙonewa a bututun hayaƙi. Ba ta ƙara ko doki ɗaya. Mai take sha, tana gasa turbo, tana tada jariri da mara lafiya da tsohon da zai tashi sallar asuba. A unguwa irin Nima, inda ɗaki ke jingine da ɗaki kuma taga ke kallon titi, wannan shiga haƙƙin maƙwabci ne, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san nauyin haƙƙin maƙwabci.

Na uku ya fi haɗari. A jona kwamfuta a sake wa injin lissafi, turbo ya ƙara hura iska, ƙarfi ya ƙaru. Gaskiya ne yana ƙaruwa, wani lokaci da yawa. Amma birkin na jiya ne, lagireton na jiya ne, tayoyin kuma hom-yus ne da suka gama rayuwarsu a Turai kafin su zo. Ga kuma batun mai. Injin irin na M2 an tsara shi ne don fetur mai lamba 98, mafi ƙaranci 95. A gidajen manmu akwai 91, akwai 95 a wasu famfuna. In ka matsa wa inji sannan ka ba shi 91 don ya fi araha, man zai riƙa fashewa kafin lokacinsa, fistin ya ci wuta, wata rana ka ji ƙwas, aikin ya koma na masu sayar da kayan gyara a Abossey Okai. Na huɗu, a yanke safirin don mota ta kwanta ƙasa. Motar da ta kwanta daga kamfani, an auna safirin da shakazoba tare. Wadda aka yanke da garanda tsalle take yi a kan kowane rami, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta jin sitiyari.

Tunda na ambaci taya, ga abin da kowa zai iya yi yau ba tare da ya biya ko pesewa ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016. Roba tana bushewa ko da zanen bai cinye ba. Ka duba kafin ka biya.

Akwai kuma batun inda motar ta fito. Da yawa daga cikin motoci masu ƙarfi da ke isowa da araha, an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka. Masu gyaran bodi a garin nan gwanaye ne, za su miƙe ta su fesa fenti har ka rantse daga kamfani take. Amma fenti ba ya gaya maka ko jakar iska ta sitiyari tana nan, ko an rufe gurbinta ne kawai an kashe fitilar gargaɗi. Ba ya gaya maka ko ƙashin motar ya taɓa lanƙwashewa. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17. Ka sa ta a intanet, sau da yawa har hoton motar ranar da aka yi gwanjonta za ka gani.

Bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba. Dokar hanya ta Ghana, wato L.I. 2180 ta 2012, ta ce cikin gari kada a wuce kilomita 50 a awa, kusa da makaranta ko asibiti ko wurin ibada 30, a babbar hanyar Accra zuwa Tema 100. Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 100 tana cin 28. Direba mai hankali a jikinsa yana ɗaukar wajen daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin abu da taka birki. Mu ce yaro ya fito da gudu daga lungu a hanyar Nima. Mai gudun 50 zai ci mita 14 kafin ya taka, ya ƙara kamar 12 yana birki, ya tsaya a wajen mita 26. Mai gudun 100 kuwa, a daidai inda wancan ya tsaya cak, shi ƙafarsa ba ta ma kai ga birki ba tukuna. Sai ya yi kusan mita 80 kafin ya tsaya, don in gudu ya ninka biyu, nisan birki ninki huɗu yake yi. Faifan milimita 400 zai rage wani abu a kashi na biyu. Mita 28 ɗin farko kuwa babu injiniyan da ya taɓa rage su, a Jamus ko a Japan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyi kowace shekara. A Ghana, alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra, NRSA, sun nuna fiye da mutum 2,000 a kowace shekara cikin 'yan shekarun nan. Ba mu manta da abin da ya faru a East Legon a watan Oktoba na 2024 ba, inda yaro ɗan shekara 16 ya ɗauki mota mai ƙarfi ta gidansu, 'yan mata biyu 'yan shekara 12 suka rasa rayukansu. Kotu ta hukunta yaron, ta kuma ci iyayensa tara. Allah ya ba iyalan haƙuri. Mu ma nan mun san yadda yammacin ranar Sallah yake, babura da motoci suna ƙure maleji a tsakiyar jama'a, yara sanye da sababbin kaya a bakin hanya. Shekara da shekaru malamai da sarakunan zango suna jan kunne a kan wannan.

To a hana sha'awar gaba ɗaya? Ni ban ga haka ba, kuma ko an so ba za ta hanu ba. Ku dubi Afirka ta Kudu. Tsohuwar M3 da sitiyarin hagu kawai aka yi ta, irin wanda ya dace da mu tun da Ghana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974. Su kuwa can a hagu suke tuƙi, don haka ba a kai musu ita ba. Sai masana'antar BMW da ke Rosslyn, kusa da Pretoria, ta ƙera tata, 325iS, a 1990, don gasar cikin gida. Samarin Soweto suka raɗa wa irin wannan mota Gusheshe, suka riƙa juya ta a titi tana hayaƙi, abin har ya haɗu da sunan 'yan daba da jana'izarsu. An yi kame, abin bai tsaya ba. Daga baya aka mayar da shi cikin fili mai shinge, da dokoki da tikitin shiga, kuma a 2014 hukumar tseren motoci ta ƙasar ta amince da shi a matsayin wasa. Yau akwai maza da mata da ke cin abinci da shi, ga makanikai da masu taya da masu walda a bayansu.

Hannun da za su yi irin wannan muna da su. Duk wanda ya taɓa zuwa Suame Magazine a Kumasi, ko ya tsaya ya kalli masta da yaransa suna sauke inji a gefen hanya a Maamobi, ya san ba basira muka rasa ba. Saurayin da ke son M2 da gaske, ya je ya koyi karanta na'urar gano cutar mota, ya koyi wayarin, ya koyi saita ƙafa da auna birki. Motocin da ke shigowa yanzu duk kwamfuta ce ke tafiyar da su, kuma makanikin da ya iya wannan ba ya zaman banza a Accra.

Kirana na farko ga iyaye ne. Alhaji, Hajiya, lasisin tuƙi a Ghana daga shekara 18 yake farawa. Makullin mota ba abin ajiyewa a kan tebur ba ne in akwai yaro a gida, kuma wanda ya sayo wa ɗansa mota mai ƙarfin doki ɗaruruwa kafin ya iya riƙe mai 70, shi ma da hannunsa a duk abin da ya biyo baya. Masta, in yaro ya kawo maka mota a ƙara mata ƙarfi, ka duba birki da taya tukuna, in ya ƙi ka ce ya kai wani wuri. Ga shugabannin majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, da sarakunanmu da shugabannin matasa, ku zauna da 'yan sandan MTTD ku nemo fili a bayan gari, a kewaye shi, a sa rana, a sa doka, a kawo motar asibiti, masu son wasa su je can su yi. Ku kuma ƙannena na bes, kafin a samu wannan fili, hanyar Nima da ta Kanda 50 ce, gaban makaranta da masallaci 30.

Nan za mu dakata a shirin namu na yau. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.